Tayi da sallama a cikin kwalbar man kanumfari: yadda ake auna man ƙamshi da lantarki

Kawuna ya haura shekara 30 yana sayar da turare da mayukan ƙamshi a cikin birnin Kano, kuma ban taɓa ganin ya karɓi kaya daga hannun ɗan sari bai yi musu jarrabawa ba. Zai ɗiga a bayan hannu ya shinshina, ya ɗan jira, ya sake shinshinawa. Zai ɗiga a farar takarda ya ajiye a gefe, domin man ƙamshi na gaskiya tashi yake yi ya bar takarda kusan yadda ya same ta, wanda aka sirka da man gyaɗa ko farafin kuwa sai ya bar tabon maiƙo. In man kanumfari ne akwai ta uku: a kawo ruwa a kofin gilashi. Man kanumfari ya ɗan fi ruwa nauyi, saboda haka nutsewa yake yi, saɓanin yawancin 'yan uwansa da ke tasowa sama.

Bara wata jarka ta haye duk jarrabawar nan uku, amma ba a yi sati biyu ba masu saye suka fara dawowa. Yawancinsu don ciwon haƙori suke saye, kuma maganarsu ɗaya ce: "Alhaji, wannan ba ya kama dasashi." Ƙamshi yana nan, ƙarfi babu. Da na je gaishe shi ya turo mini kwalbar, ya ce, "Kai da ka ƙare kuruciyarka a ɗakin gwaje-gwaje, babu wani abu da za a tsoma a ciki ya faɗi gaskiya?" Na ce, "Akwai, Kawu, amma ba kowace gaskiya yake faɗa ba."

Sai an fara sanin mene ne a cikin kwalbar. Abin da muke kira man ƙamshi ba danginsu ɗaya da man gyaɗa ko man riɗi ba, waɗanda matse su ake yi. Shi galibi da tururi ake fitar da shi, kamar dai yadda ake turara dambu a madambaci: a zuba ganye ko ɓawo ko fure a sama, tururi ya ratsa ya kwashi abin da ke da ƙamshi, a bi da tururin ta bututu mai sanyi ya koma ruwa, man ya rabu a kwashe. Sana'ar tsohuwa ce. Tun a ƙarni na 9 Al-Kindi ya rubuta littafi a Bagadaza a kan haɗa turare da tace shi, mai ɗauke da haɗi sama da 100. Abin da ke fitowa daga bututun nan ba abu ɗaya ba ne, taron sinadarai ne, wani man yakan tara gommai, wani ɗaruruwa. Sai dai galibi akwai babban gida a cikinsu. A man kanumfari sunansa yujinol, kuma yakan kai kashi 70 zuwa 90 cikin 100. Shi ne mai sa dasashi ya yi dundum, shi ne kuma warin nan da ke tarar mutum tun daga ƙofar ɗakin likitan haƙori, don har yau ana kwaɓa shi da wata farar hodar zinki a cike kogon haƙori na wucin gadi. A man ɓawon kirfa babban gida sinamaldihaid ne. A wani nau'in na'a-na'a mentol. A man ɓawon lemon zaƙi limonin ne, sama da kashi 90. A ganyen bishiyar turare, siniyol.

Mai algus ya san wannan sarai. Kanumfari daga nesa yake zuwa, Indunusiya da Madagaska da Zanzibar, kuma abin da ake samu na mai bai kai kashi ɗaya bisa biyar na nauyin busasshen kanumfarin ba. Ya kuma san jarrabawar kawu. Akwai ruwayen masana'anta marasa launi, marasa wari, da masu haɗa turare ke tsinka kaya da su, wasunsu har sun fi ruwa nauyi, su ma nutsewa suke yi. Hanci kuwa saurin ƙoshi gare shi: kashi 40 na yujinol da kashi 80, duk kanumfari zai ce maka.

To ina lantarki ya shigo? Hanya mafi sauƙi da na samu ta bayyana shi ita ce ciniki, tun da Bakano ba ya buƙatar a koya masa tayi da albarka.

Kowane sinadari yana riƙe da wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron. Wasu sinadaran suna da waɗanda za su iya rabuwa da su in farashi ya yi. Mai gwaji yakan tsoma wata 'yar sanda ta kabon a cikin ruwan gwajin, ya haɗa ta da na'ura, na'urar ta shiga ƙara ƙarfin jan lantarki a jikin sandar sannu a hankali, daga sifiri zuwa wajen bolt 1 ko sama kaɗan. Wannan ƙarin shi ne tayi. A farko kowa albarka yake cewa, babu abin da ke motsi, layin da na'urar ke zanawa a kwance yake. Ana isa wani farashi sai yujinol ya sallama, ya miƙa wa sandar ilektiron ɗinsa, lantarki ya gudana, layin ya yi tsiri sama kamar tudu sannan ya gangaro. Abu biyu ake karantawa a tudun. Wurin da ya tashi, wato farashin da aka sallama, yana nuna ko wane ne mai kayan. Tsawonsa kuma yana nuna yawan masu sallamawar. Man da aka tsinka rabi da rabi, tudunsa zai tsaya a wuri ɗaya da na gangariya, amma rabin tsayi. Wannan hanya ita ake kira boltametiri, kuma tushen lissafinta yana komawa ga dokokin da Michael Faraday ya fitar a shekarun 1830 a Ingila, cewa yawan lantarkin da ya wuce daidai yake da yawan abin da ya sauya.

Sandar ba ɗaya ba ce, uku ne. Ta farko ita ce dillaliya, a jikinta ake cinikin. Ta biyu, wadda galibi ake yi da azurfa, ba ta saye ba ta sayarwa, aikinta ta tsaya a farashi ɗaya da ba ya motsi domin a riƙa auna tayin da ita, kamar mudun da kowa a kasuwa ya yarda da shi. Ta uku tana cika da'irar ne lantarki ya samu hanyar komawa. Sannan mai ba ya ɗaukar lantarki kuma ba ya shiri da ruwa, don haka ba a tsoma sanda a cikin jarka kai tsaye yadda kawu ya so. Ɗigo kaɗan ake ɗauka a narkar a sifirit, a zuba cikin ruwa mai wani gishiri da zai ɗauki lantarkin ya kuma tsayar da tsamin ruwan a mataki ɗaya. Wasu masu bincike, musamman wani rukuni a jami'ar Kazan ta Rasha da ya daɗe yana aiki a kan kayan yaji, sukan sa wani abu mai halin sabulu don ya tarwatsa man a cikin ruwa a rage sifirit.

Farashi kaɗai ba shaida ce mai ƙarfi ba, don masu kaya biyu suna iya sallamawa a kuɗi ɗaya. Abin da ya sa nake son yujinol a matsayin misali shi ne yana da wata ɗabi'a da ke ƙara tona shi. In aka kai tayi sama, aka dawo da shi ƙasa, aka sake hawa zagaye na biyu, hoton ba ya maimaita kansa. A zagayen farko, da ya miƙa ilektiron biyu, wani ɗan reshe na jikinsa yana ɓallewa ya koma wani sinadarin daban. Wannan sabon, shi kuma ɗan saye da sayarwa ne: in farashi ya faɗi ya karɓi ilektiron, in ya tashi ya mayar, kuma a ƙasa da farashin uwarsa. Saboda haka a zagaye na biyu sai ka ga sababbin tuddai guda biyu suna fuskantar juna a wurin da ɗazu babu komai. Wanda ya saba da aikin yana ganin wannan ya san da dangin wa yake magana. Kafsaisin, mai sa barkono yaji, yana da irin wannan reshen kuma haka yake yi. A kansa ne rukunin Richard Compton na jami'ar Oksfod suka nuna a 2008 cewa za a iya auna zafin barkono da lantarki maimakon harshen mutane, wanda shi ne ma'aunin da Wilbur Scoville ya kawo tun 1912.

Wannan ilimi ba jiya aka fara shi ba. Jaroslav Heyrovsky ya ƙirƙiro kakan wannan awo a birnin Firag a 1922, da ɗigon zaiba mai faɗowa daga siririn bututu a matsayin sanda, ya kuma samu kyautar Nobel a 1959. Zaiba guba ce, aka bar ta sannu a hankali. A 1958 Ralph Adams a Amurka ya kawo sandar da aka yi da kwaɓaɓɓen garin kabon. Yau akwai ta kabon mai sheƙin gilashi, akwai ta lu'ulu'un da aka ƙera a masana'anta, akwai ma masu aiki da bakin fensirin rubutu kuma yana bayar da sakamako. Amma wadda ta fi dacewa da zancenmu ita ce wadda ake bugawa kamar hatimi a kan ɗan falle, sanduna ukun duka a wuri ɗaya. Gidaje da yawa da ke da mai ciwon suga a Kano sun san ta, ko da ba a san sunanta ba. Ɗan fallen nan da ake sa wa ɗigon jini a zura a na'ura ta faɗi lamba cikin daƙiƙoƙi, gwajin lantarki ne irin wannan. Da na faɗa wa kawu haka sai ya gyara zama, don tasa tana cikin aljihu.

Ba kowane sinadari ne mai sayarwa ba. Akwai masu saye. Taimokwinon, wanda a kansa ake yawancin bincike game da habbatussauda, karɓar ilektiron yake yi, saboda haka shi juya tayin ake yi ƙasa har ya karɓa, tudunsa ya fito a kife. Sinamaldihaid na kirfa ma ta wannan ɓangaren ake kama shi. A ganina, a kasuwar Kano habbatussauda ce ta fi kowa buƙatar wannan awo, ba kanumfari ba. Man da ke cike shagunan magungunan Musulunci matsattse ne, mai maiƙo, taimokwinon ɗan kaɗan ne a cikinsa, yawansa yana bambanta ƙwarai daga wannan mai zuwa wancan, kuma haske da zafi suna cin sa. Kwalbar da ta kwana ta wuni a baro cikin ranar watan Afrilu na iya zama habbatussauda tsantsa, babu ko ɗigon algus, amma abin da ake nema ya ragu. Takardar kawu ba ta da abin cewa a nan, tun da man kansa maiƙo ne. Launi da ɗaci ma ba su faɗin adadi.

Yanzu ga inda na ce wa kawu ba kowace gaskiya yake faɗa ba.

Da yawa daga cikin manyan gidajen nan ba sa shiga ciniki kwata-kwata. Mentol albarka yake ta cewa. Siniyol haka. Limonin ma, a yanayin da aka saba gwaji, haka. Za ka yi ta ƙara tayi har ka kai inda ruwan da ka narkar da man a ciki shi da kansa zai fara sallamawa, ya tsage ya fitar da iska, hayaniyarsa ta rufe komai, kasuwa ta watse ba ka sayi abin da ka zo nema ba. Dalili shi ne masu saurin sallamawa yawancinsu 'yan gida ɗaya ne, gidan finol, masu wani zobe a ƙirarsu da ke sa rabuwa da ilektiron ya zo da sauƙi. Wanda ba shi da wannan zoben sai an bi ta bayan gida, a shafa wa sandar wani abu na musamman ko a fara sauya sinadarin kafin awo, kuma a nan sauƙin da ake tallar hanyar da shi ya fara zubewa. Citta ma tana da tarko. Jinjarol, mai yajin citta, finol ne kuma yana amsa tayi da kyau, amma ba ya bin tururi. Man cittar da aka turara ƙamshi ne da shi ba yaji ba. Wanda ya auna shi yana neman jinjarol zai ga layi a kwance ya yanke wa mai na gaskiya hukuncin jabu.

Sai tagwaye. Taimol da kabakurol, wasu sinadarai biyu 'yan gidan finol, nauyinsu ɗaya, kayan da aka gina su da shi ɗaya, wurin zaman reshe ɗaya ne kawai ya bambanta. Farashinsu ya yi kusa da juna har tuddansu sukan haɗe su zama ɗaya. Abin da za ka iya cewa shi ne jimillarsu kaza ce. Akwai dabarun kaifafa tudu, inda maimakon a ja tayi a miƙe sai a riƙa yin sa da ɗan tsalle-tsalle ana auna bambanci, kuma suna taimakawa wajen gano abu kaɗan, amma tagwaye na haƙiƙa sukan gagare su. Inda hanyar ke da amfani a nan shi ne raba waɗanda ba tagwaye ba. Ɗauki daddoya, irin mai faɗin ganye: suna ɗaya, kama ɗaya, amma wata manta taimol ne ya fi yawa, kamar yadda aka sha samu a Afirka ta Yamma, wata kuma yujinol. Waɗannan biyu ba sa hali ɗaya a gaban sanda, kuma mai son noman daddoya don mai ya kamata ya san wacce ya shuka kafin ya cika gona.

Kuma ko a kanumfarin, in mai algus ya yi wayo ya cika jarkarsa da yujinol ɗin da aka tace daga wani wuri, ko ya kawo man ganyen kanumfari mai arha ya ce na 'ya'yan ne, tudu zai fito cif yadda ake so. Ilektiron ba ya tambayar asali. Abin da ke bambanta man 'ya'ya da na ganye wani ɗan uwan yujinol ne da aka toshe wa hannun da yake miƙa ilektiron da shi, don haka shi ma shiru yake yi a farashin.

Matsalar da ta fi ba wa masu aikin haushi kullum kuwa ba waɗannan ba ce, datti ne. Finol in ya sallama ba ya tafiya gida, wasunsa sukan harhaɗu su manne a fuskar sandar kamar ƙanzo a gindin tukunya. Awo na biyu tudun ya ragu, na uku ya ƙara raguwa, alhali mai bai canja ba. Sai an goge sandar bayan kowane awo, ko a yar da fallen a ɗauki sabo, kuma kowane sabo kuɗi ne na waje. Ga tsamin ruwa: mataki ɗaya in ya gusa, farashin finol yakan gusa da wajen milibolt 59 (milibolt kashi ɗaya ne bisa dubu na bolt) a zafin digiri 25. Wannan lambar ta littafi ce, ta ɗaki mai sanyi. A digiri 40, wanda ba baƙo ba ne a rumfar kasuwa da bazara, tana komawa wajen 62, tuddan ma suna ƙara tsayi saboda sinadarai sun fi saurin kaiwa ga sanda a ruwan ɗumi. Maganin wannan sananne ne: a auna man, a ƙara masa sanannen adadi na yujinol tsantsa a sake aunawa nan take, a ga nawa tudun ya ƙaru, a yi lissafi daga nan. Amma ka ga ke nan sai da yujinol tsantsa a hannu, da wanda ya iya awon ɗigo, ba kowane yaron shago ba.

Alƙalin ƙarshe a wannan fage har yanzu ita ce na'urar GC-MS. Ita ba ciniki take yi ba, tsere take haɗawa: ta mayar da man tururi, ta tura shi cikin siririn bututu mai tsawon wajen mita 30, kowane sinadari ya fito a lokacinsa, ta farfasa shi ta karanta nauyin gutsattsarinsa. Mai sayarwa da mai saye da mai shiru, duk sai sun faɗi sunansu, har da ruwan da aka yi algus da shi. Sai dai tana cin kuɗi mai yawa, tana son iskar hiliyom ta kwalba, da wutar da ba ta ƙiftawa, da ɗaki mai sanyi, da ƙwararre. Ɗan kasuwar da jarka 5 suka iso masa da hantsi, ɗan sari yana tsaye yana jiran kuɗi, ba zai jira sakamakon mako ba. Na'urar boltametiri kuwa akwai wadda ba ta fi tafin hannu ba, tana aiki da batir ko ta jikin waya, awo ɗaya minti kaɗan.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa za ta maye gurbin babbar ba, ban kuma yarda da masu raina ta ba. Matsayinta na mai gadin ƙofa ne. Tambaya ɗaya take amsawa da kyau: wannan sinadarin da na riga na san sunansa, nawa ne a nan? Ga jarkar kawu, wannan ita ce tambayar. Akwai kuma masu ɗaukar hoton layin gaba ɗaya, da tuddansa da kwarinsa, su tara na mayuka masu yawa da aka tabbatar da ingancinsu, su bar kwamfuta ta riƙa gwada sabon kaya da su, ko da ba a san sunan kowane tudu ba. Wannan zai yi aiki a nan ne kawai in an tara hotunan daga kayan da ke shigowa Kurmi da Sabon Gari, ba daga na wata ƙasa ba. Aiki ne daidai ƙarfin ɗaliban kimiyyar sinadarai na Jami'ar Bayero ko ta Wudil, kuma in ƙungiyar 'yan turare ta ajiye na'ura ɗaya da mutum ɗaya da ya iya ta, ta ishi layi guda. Hukuncin kama kaya ko hana sayarwa dai na NAFDAC ne, da manyan na'urori.

Wani abu da awon zai fito da shi, wanda ba kowa ke so ya ji ba: man kanumfari mai ƙarfi na gaske yana ƙona dasashi in aka zuba shi tsagwaronsa, kuma yaro in ya sha yana iya taɓa masa hanta. Wanda ya saba da tsinkakke ya koma gangariya da irin awon da ya saba, zai ji a jikinsa. Lambar da ke kare mai saye daga cuta ita ce kuma ya kamata a rubuta a jikin kwalba.

Jarkar dai ta koma wurin mai ita ba tare da an auna ta ba, bayan doguwar magana da sa bakin dattawan layi. Kawu ya janye kwalaben habbatussauda daga bakin rumfa zuwa ciki inda rana ba ta kaiwa. Da zan tafi ya buɗe wata ƙaramar akwati ya ɗauko 'yar kwalbar man udu, wadda kuɗinta ya fi na jarkar nan duka, ya ce, "Wannan fa?" Na ce yawancin abin da ke cikinsa 'yan albarka ne, sai babbar na'ura. Ya ce, "Wato mai tsadar shi ne ba ta ji." Na ce, "Shi ne, Kawu." Ya ɗiga a bayan hannu, ya miƙo mini in shinshina.